Ba a fafe gora ranar tafiya

   

Yau zancenmu a kan wani ɗan abu ne da bai wuce akwatin ashana girma ba: batirin ajiya, wato na biyun da mai ɗaukar hoto ke jefawa aljihu kafin ya fita. Mun san wani zai ce, "Haba jama'a, ana fama da tsadar hatsi da rashin hanya, batiri ne abin rubutu?" To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙasa. Shekarun da muka yi muna yawo da kamara da na'urar ɗaukar murya a ƙauyukan nan, mun ga labarai masu nauyi sun mutu a hanya, kuma abin da ya kashe su bai wuce ɗan jan layin nan mai ƙyaftawa a kusurwar allo ba.

Aikin radiyo ya sake. Da, murya ta ishe mu. Yanzu kafin mu rufe makirfo saƙonni sun fara shigowa ta WhatsApp: "Ina hoton?" Mutumin da ke Sabha ko Tamanraset, in ya ji an ce ruwa ya ci garinsu, so yake ya ga bangon gidansu da idonsa kafin ya san nawa zai aiko. Magajin gari in aka kai masa kukan rijiyar da ta rufta, hoto yake fara tambaya. Gani ya kori ji. Shi ya sa duk wanda ke ba da labari a yau, ɗan jarida ne, malamin lakwal ne, ko saurayin da ke da salula mai kyau a garinsu, ya zama mai hoto ko ya so ko bai so ba.

Waɗanda suka yi wayo a 2005 sun san nauyin hoto. Mu muna ƴan kolej lokacin. Fari da farin dango sun ci amfanin gonar 2004, rumbuna suka zama wayam, yara suka rame a nan jihar Maradi. Tun watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran a kawo agaji, masu hannu da shuni na duniya suka yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da talabijin ɗin BBC ya nuna yaran da ke kwance a cibiyar kula da masu tamowa ta Maradi, sannan kuɗi suka fara zubowa. Yunwar watan Mayu ita ce dai ta watan Yuli. Hoto ne ya ƙaru.

To me ya sa batiri ke mutuwa daidai lokacin da ake bukatarsa? Wasu na cewa rashin sa'a ne. Mu dai mun lura da dalilai huɗu, kuma duka huɗun a nan suke zaune tare da mu.

Na farko, jira. An ce taro ƙarfe tara na safe. Kun isa takwas da rabi, kun ɗauki rumfa, kun ɗauki makaɗa, kun ɗauki ƴan makaranta da aka jera a rana. Manyan baƙi ba su iso ba sai azahar ta kawo jiki. A yi jawabin maraba, a yi na wakili, a yi na wakilin wakili. Abin da ya tara mutane, buɗe famfo ne, rabon iri ne, ko mai gari ya miƙe ya faɗi kukan garinsa, shi ke zuwa ƙarshe, bayan batiri ya gama ba da abin da ke cikinsa. Haka kokowa take: kayen da za a yi mako ana zancensa ba ya zuwa sai rana ta yi ja. Haka biki: ɗaukar amarya sai dare. A ƙasar nan mai daɗin yana bayan wuni, batiri guda kuwa ba ya kai wuni.

Na biyu, zafi. Kamarori da salulolin yau da batirin litiyom suke aiki, shi kuwa litiyom ba ya shiri da zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da salularsa tsakanin digiri 0 da 35. To, wa ya taɓa ganin digiri 35 da tsakar rana a Tasawa cikin Afrilu ko Mayu? A inuwa ma sama da 40 ake yi. Salula in ta ɗau zafi sai ta rage hasken allo, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta ƙi buɗe kamara ɗungurungum. Zafin kuma yana tsufar da batiri tun kwanansa bai kai ba, kuma ƙarfin da zafi ya ci ba ya dawowa. Sanyin hunturu ma yana sa shi kasala da asuba, amma shi wannan da ya ji ɗumin aljihu yake farfaɗowa.

Lambobin da ake rubutawa a kwali kuma, a yi hattara da su. Ɗauki ƙaramar Canon 2000D, irin wadda ake gani hannun masu hoton biki. An ce batirinta yana ɗaukar hoto wajen 500. Gaskiya ne, amma an auna shi ne da sabon batiri, a wuri mai digiri 23, ana leƙawa ta ƙaramar tagar ido. In da allo kake dubawa, lissafin ya ragu da wajen rabi. In bidiyo ne, da wuya ya kai awa biyu. Ƙara masa zafin bazara da tsufan shekara biyu, ka ga abin da ya rage.

Na uku, neman rezo. Wannan na masu ɗauka da salula ne, wato yawancinmu. In ka bar gudro ka nutsa cikin rairayi arewa da Mayahi ko wajen Urafan, inda eriya ke nesa, salula ba ta hutawa. Ƙara ƙarfi take yi tana laluben eriya, kamar mai kiran ɗan uwansa daga wancan gefen gona, ko da tana aljihu ba a taɓa ta ba. Ka bar gida da ita cike, ka sauka daga kabu-kabu ka tarar ta sha da yawa, alhali ko hoto ɗaya ba ka ɗauka ba.

Na huɗu, kuran. A Nijar wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a ƙauye kuwa abin bai kai ko kusa da haka ba. Mu na cikin gari ma ba mu manta ba. Wutar yankinmu, babban rabonta daga Katsina take shigowa ta layin da ke sauka Gazawa. Da Najeriya ta yanke ta a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya koyi ƙidayar awoyin wuta, kuma ba a maido ta ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Wanda ya fita yana cewa "in na isa can na sa caji" ya jingina aikinsa da abin da ba ya hannunsa. A ƙauye mai caji guda ne ko biyu, da fanon sola da batirin mota, dala goma ko ashirin kowace salula. Ranar kasuwa layi ne. Ranar hadari kuwa shi kansa bai samu ba balle ya ba ka.

Damanar 2024 ta nuna mana wannan ƙarara. Ruwan shekarar ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, kuma jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. An kira mu wani gari da ke nesa da gudro, inda ruwa ya kwana yana zuba, ɗakunan ƙasa da rumbuna suka zube. Garin akwai samari masu salula mai kamara, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Amma da muka isa, babu ko guda mai rai. Da su aka haska dare ana fid da yara da tsofaffi da awaki. Rumfar mai caji ruwa ya shige ta, kuma kwana biyu rana ba ta fito ba. Mai gari ya tarbe mu bakin masallaci, ya ce, "Ƴaƴana, kun ga abin da Allah ya yi. Mun kira, mun faɗi, an ce mu aiko hoto. Da mi za mu ɗauka?" Muka ce, "Ranka shi daɗe, a haɗa mu da yaro shi zaga da mu."

Batirin da ke cikin kamara a unguwar farko ya ƙare, wajen gidajen da ke kusa da hanya. Ɓarnar kuwa ta fi yawa can ƙasan gari, gefen fadama, inda marasa ƙarfi suke. Da na biyun muka ɗauki can. Wata tsohuwa ta riƙe mana hannun riga, ta ce, "Ƴaƴana, ku ɗauki nan ma. Nan rumbuna yake." Tulin laka ne kawai da ƴan zangarniyar gero sun leƙo. Muka ce, "To Inna, tsaya kusa da shi." Kafin masu ƙidayar ɓarna su iso, kwanaki sun wuce, mutane sun kwashe ƙasa sun kafa zana, don ba mai zama a fili yana jiran takarda. Abin da ya rage shaida shi ne abin da aka ɗauka ran nan. Da batiri guda ne a hannunmu, da gidajen bakin hanya sun shiga labari, na gefen fadama sun zama kamar ba su yi asara ba. Abin lura ke nan: in batiri ya mutu, na nesa da na ƙarshen layi ne ke faɗuwa daga labari, kuma galibi su ne suka fi bukatar a gan su.

Akwai kuma abin da ba ya maimaituwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo yana neman tarihi ya san ba a yi masa gaggawa. Ku je Maijirgi ku tambayi labarin 1899, shekarar da ayarin Voulet da Chanoine ya biyo ƙasar nan da ƙone-ƙone, aka kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su bayan kwana biyu zuwa uku. Dattijo zai fara da gaisuwa, ya bi ta asalin garin, ya bi ta sunayen kakanni, a kawo fura, a yi sallah. Abin da kakarsa ta faɗa masa da bakinta, sai an yi awa guda ko fiye yake fitowa, in ya ga kun zauna da gaske. In a nan na'ura ta mutu, ba za ka ce "Baba, maimaita" ba. Ko ya maimaita, ba zai fito kamar na farko ba. Kuma ba kowane dattijo ake komawa a tarar ba.

Gini ma haka. Tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ruwan farkon Satumba 2024 ya kayar da shi. Waɗanda suka ɗauke shi yana tsaye, su ke da abin nuna wa jikoki. Mu ma muna da irinsa: tsofaffin zaurukan sarauta, rijiyoyin kakanni, gorubar Gulbin Kaba. Kowace damana tana tafiya da wani abu.

To mene ne abin yi? Hausawa sun riga sun gama maganar: ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda muka saba, ko wani zai amfana.

Caji tun dare ake yin sa, ko duk lokacin da kuran ya zo, ko da ba a san da fita ba. Labari ba ya aiko manzo. Muna rubuta wa kowane batiri lamba, 1, 2, 3, don in ɗaya ya fara gajiya a gane shi. Mai cike aljihun dama, wanda ya ƙare aljihun hagu. Cikin hayaniyar taro ba lokacin gwaji. Lissafinmu kuwa mai sauƙi ne: in kana zaton aikin awa uku ne, yi guzurin awa shida.

Kar a jira batiri ya mutu sannan a canza. In kun hango ƙurar motocin baƙi, ko an fara kiran manyan ƴan kokowa, ko dattijo ya gyara zama, to lokacin ne. Cire wanda ya yi rabi, sa mai cike. Rabin nan zai yi amfani a hanyar komawa.

A tattala abin da ke ciki. A hanya a sa salula yanayin jirgin sama, sai an isa a buɗe. A rage hasken allo. A kashe Wi-Fi da Bluetooth na kamara in ba aiki suke ba. Sai babban mai shan batiri, wanda duk muka sani: "Mu gani! Mu gani!" Ka ɗauki hoto ɗaya, yara ashirin sun kewaye ka, kowa sai ya ga fuskarsa. Ba a hana yara murna, amma a ce musu sai an gama aiki.

A raba batiri da rana. Kar a bar shi gaban gilashin mota ko ƙarƙashin sirdin babur kusa da inji. A naɗe shi da ƙyalle a sa tsakiyar jaka. Da damana a ƙara da leda, da hunturu a kare shi daga ƙura. In yana da ɗan murfin roba, kar a yar. In babu, a sa shi cikin ƴar leda shi kaɗai, don in bakinsa ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu yana iya ɗaukar zafi har ya ƙona. In kuma za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi da wajen rabin caji, kar a bar shi fanko wata da watanni.

Masu na'urar murya ko fitilar kamara mai cin pil, ku sani pil ɗin nan mai arha na tocila da radiyo ba ya jure musu. Kafin a gama gaisuwa ya faɗi. A nemi alkalin, ko mai caji wanda ake sake cikawa. Kuma kar a manta igiyar caji. Sau nawa ake ganin mutum da pawa-banki cike, igiya tana gida?

Maganar pawa-banki, ga wani lissafi da masu saidawa ba sa yi wa mutane. In an rubuta 10,000 mAh, abin da ke isa cikin salula bai wuce 6,000 zuwa 7,000 ba, don wani kaso yana tafiya wajen juya wutar, wani ya zama zafi. Salula mai batirin 5,000 ke nan za ta cika sau ɗaya, a samu ɗan ragowa. Na gaskiya mai 10,000 yana da nauyin wajen giram 200. In aka miƙo maka wani ɗan ƙarami marar nauyi an rubuta masa 50,000, kuma kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba, ka san lambar fenti ce. Haka batirin kamara: akwai na asali, akwai na wasu kamfanoni masu kyau, akwai kuma wanda kwalinsa kawai ya yi kama. Araha ba ta ado. A saya wurin wanda in abu ya ƙi za a iya komawa a same shi, kuma a gwada sabon batiri a gida, a ga awa nawa yake yi, kafin a dogara da shi ranar bikin ƴar mutane.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Kar a danne shi, kar a huda shi, kar a jefa shi wuta, kar a yar da shi juji inda yara ke tono. Maniyyata aikin hajji da masu hawa jirgi kuma su sani: batirin ajiya da pawa-banki a jakar hannu ake riƙe su, ba a yarda a sa su cikin akwatin da ke shiga cikin jirgi daban ba.

Muna da roƙo ɗaya ga samarin garuruwanmu, musamman ƴan fada. Kuna haɗa kuɗin shayi da sukari kullum. Ku haɗa na pawa-banki guda mai kyau, ya zama na gari. A ba mutum ɗaya mai amana riƙonsa, a cika shi tun farkon damana, a riƙa duba shi duk ranar kasuwa, kuma a yi alkawari ba na kallon wasa ba ne, ba na sauraren waƙa ba ne. Ranar da ruwa ya yi ɓarna, ko tsutsa ta faɗa wa gero, ko gobara ta tashi, ko rijiya ta rufta, ya zama akwai salula ɗaya mai rai da za ta kira, ta ɗauka, ta aika. In kun ɗauka, ku fara da inda ɓarna ta fi yawa ko da ya fi nisa, ku haɗa da wata alama da za a gane garin, masallaci ko makaranta ko wata babbar itaciya, ku faɗi rana da sunan unguwa. Mu ba za mu iya isa ko'ina ba; wani garin sai an yi wuni a hanya, wani kuma da damana ko amalanke ba ta shiga. Ku ne idon garinku.

Masu hoton biki, ku ma amana ce a hannunku. Uban amarya ya sayar da akuya ya biya ku, kuma ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa. "Batiri ya ƙare" ba amsar da za a ba shi ba ce.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ɓarnar ruwa da ta wuta, ya sa abin da za mu riƙa ɗauka ya zama na farin ciki ne. A gaida mutanen gida. Sai mun haɗu a iska.